Ta ina ɗalibanmu za su samu babbar kwamfutar bincike?

Ɗan Ƙofar Sauri: Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Don Allah shawara nake nema. Ina digiri na biyu a fiziks, aikina a kan sinadaran da ake yin farantin sola da su ne, da manhajar Quantum ESPRESSO nake lissafin. In ƙwayar zarra 5 ce laftof ɗina na ɗauka ba matsala, amma da na faɗaɗa zuwa 40 sai ya yi ta zafi fanka na ihu, lissafi bai ƙare ba a ɗauke wuta batir ya mutu komai ya koma farko. Malamin da ke duba aikina ya ce wannan aikin sufakwamfuta ne. To wai ina ake samunta? Kuɗi ake biya ko fom ake cikewa? Kuma ɗalibi daga nan Katsina zai iya samu kuwa ko sai wanda ya fita waje?

Auta: Wa alaikumus salam Yaya. Ka gwada Google Colab, inda ake aron kwamfutar Google ta intanet? Kyauta ne fa, har GPU, na'urar nan mai ƙara saurin lissafi, suke bayarwa, mu da shi muka yi furojet ɗinmu.

Malamin Fiziks: Wa alaikumus salam. Tambayarka ta yi kyau, kuma ba kai kaɗai ba ne, duk shekara sai an zo mani da irinta. Bari in fara da gyara wani tunani da yawancin ɗalibai ke zuwa da shi. Sufakwamfuta ba wata kwamfuta ɗaya ba ce ƙatuwa mai saurin tsiya wadda za ka zauna gabanta da maus. Kwamfutoci ne ɗaruruwa ko dubbai aka jera a cikin akwatunan ƙarfe, aka haɗa su da waya mai matuƙar sauri, kowace ɗaya ana ce mata nod, kuma a cikin kowane nod akwai ƙwaƙwalen lissafi da yawa. Kana nan gidanku a Ƙofar Sauri za ka shiga ta intanet da ssh, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, ka tura fayilolinka, ka rubuta 'yar takarda mai cewa ina son ƙwaƙwalwa kaza na awa kaza, ka miƙa, sai a sa ka a layi. Kamar injin niƙa ne, ka aje kwanonka ka tafi sabgarka, in layi ya zo kanka a niƙa maka ko kana nan ko ba ka nan. To ka ga nan matsalarka ta wuta ta kau, domin ko laftof ɗinka ya mutu aikin na can yana tafiya.

Amma kafin mu kai can, ka rage k-points ɗinka, wato yawan ɗigon da manhajar ke yin lissafi a kansu, lokacin da ka faɗaɗa zuwa zarra 40? In a ƙaramin kana amfani da 8×8×8, a wanda ka ninka sau biyu ta kowane ɓangare 4×4×4 ya ishe ka. Ɗalibai da yawa suna mantawa da wannan sai su yi ta azabtar da na'ura a banza.

Ɗan Ƙofar Sauri: Malam 8×8×8 ɗin na bari. Zan gyara yau in sha Allahu.

Malamin Fiziks: Yawwa. Wannan kaɗai zai rage maka nauyi ƙwarai. Amma duk da haka za ka buƙaci babbar na'ura, domin irin wannan lissafin in ka ninka yawan zarra sau biyu aikin ba sau biyu yake ƙaruwa ba, kusan sau takwas ne.

Injiniyan Netwok: Auta ƙanena, Colab na da amfani amma ba maganin wannan ba ne. Na kyautan bai wuce awa 12 a zama ɗaya, sau da yawa ma tun kafin nan yake yanke ka, kuma ƙwaƙwalen da yake ba ka kaɗan ne. Don koyon AI da gwada ƙananan abubuwa ya yi, Kaggle ma haka, suna ba da wajen awa 30 na GPU a sati. Amma aikin da ke son nod huɗu su yi ta magana da juna kwana biyu ba tsayawa, a'a.

Na Dutsin-Ma: Ni abin da ke ci mani rai a wannan maganar shi ne har yaushe za mu yi ta roƙo a ƙofar wasu? Ku duba fa jihar nan. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua na nan, ta tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ga Al-Qalam, ga jami'ar sufuri a Daura, ga foliteknik ta Hassan Usman da ta tarayya a Daura. Duk waɗannan ba za su iya haɗa hannu su aje na'ura ɗaya ta kowa da kowa ba? Maroko ta ƙaddamar da sufakwamfutarta Toubkal a 2021 a jami'ar Mohammed VI da ke Ben Guerir, saurinta ya fi fetafulof 3 (fetafulof ɗaya lissafi miliyan sau biliyan ne a daƙiƙa), har ta shiga cikin ɗari na farko a duniya lokacin. Afirka ta Kudu na da Lengau tun 2016. Senegal ma ta aje tata a Diamniadio. Ni aikina a kan damina ne, yaushe ruwa zai sauka yaushe zai ɗauke a yankinmu na Sahel, abin da ya shafi kowane manomin gero daga Mai'adua har Jibiya, amma in zan gudanar da manhajar hasashen yanayi ta WRF sai na nemi alfarmar wani a wata ƙasa. Wannan bai kwanta mani ba sam.

Injiniyan Netwok: Malam na Dutsin-Ma, wallahi ina jin zafin da kake ji, amma tunda aikina ne kula da sabobi bari in faɗa maka abin da ido ke gani. Sayen na'urar shi ne mafi sauƙi a duk lamarin. Akwati ɗaya cike da nod na iya cin kilowat 10 zuwa 20, dare da rana, ba Juma'a ba Lahadi ba hutun Sallah, kuma kusan duk wutar nan da ta ci zafi take komawa, dole ka sa wata wutar ka fitar da zafin. Yanzu ka tuna watan Afrilu a Katsina da zafi ke haura 40, ka tuna ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina ta toshe fankoki. Frontier ta Amurka da ta fara kai ekzafulof, wato fetafulof dubu, a 2022 tana cin sama da megawat 20, alhali injinan iskar Lambar Rimi gaba ɗayansu megawat 10 aka tsara su bayar. Na san ba irinta kake nufi ba, amma don a ga yadda abin ke da cin wuta. Sannan bayan shekara biyar ko shida kayan sun tsufa garanti ya ƙare, in ba a tanadi kuɗin gyara tun farko ba sai ka ga an rufe ɗaki da kwaɗo ana jiran kasafin baɗi.

Kuma babban abin ma mutum ne. Wa zai zauna ya kula da ita, ya sa manhajoji, ya buɗe wa mutane akawun, ya tashi ƙarfe biyun dare in AC ta tsaya? Wanda ya iya wannan aikin da kyau kamfanoni na zawarcinsa da albashin da jami'a ba ta biya.

Na Dutsin-Ma: To ai duk abin da ka lissafa su Senegal ma suna da zafi da ƙura. In muka ce sai komai ya daidaita ba za a taɓa farawa ba Injiniya.

Injiniyan Netwok: Ban ce kada a fara ba Malam. Cewa nake a fara da mutane kafin ƙarfe. Ka san sufakwamfutar Ranger ta jami'ar Texas? Da aka yi mata ritaya a 2013 ba zubar da ita aka yi ba, rarraba ta aka yi aka turo Afirka ta Kudu da Botsuwana da Tanzaniya, kuma cibiyar manyan kwamfutoci ta CHPC da ke Kef Tawun ba ta tsaya ga raba kaya ba, sai da ta haɗa da horar da waɗanda za su riƙe su. Su sun gane inda gizo ke saƙar.

'Yar Daura: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da wani ɓangare, don duk maganar ta tafi kan 'yan fiziks da masu yanayi, mu 'yan bayoloji an bar mu a baya, kuma mu ne muka fi tsoron baƙin allon nan na Linux. Ga duk wata 'yar uwa ko ɗan uwa da ke aikin ƙwayoyin halitta, akwai shafin Galaxy, ku shiga usegalaxy.eu ko usegalaxy.org, kyauta ne, imel kawai za ka sa ka yi rajista su ba ka wurin ajiya gigabait 250, kuma a burauza ake komai, a bayan fage manyan na'urorinsu ne ke yi maka aikin. Abin da ya fi burge ni, in bayanan da kake so suna rumbun bayanan halittu na NCBI ba sai ka sauke su a laftof ɗinka ka ƙona datarka ba, lambar kawai za ka ba shi ya jawo su kai tsaye can wurinsu. Duk wanda ya san yadda data ke tafiya a nan Daura zai fahimci abin da nake nufi. Suna da darussa ma mataki-mataki da bayanan gwaji.

Sai dai hattara ɗaya. In samfurin marasa lafiya ne, jinin mutane da bayanansu, kada ka ɗora a sabar waje sai ka duba abin da kwamitin ɗa'ar bincike ya amince maka da abin da mutanen suka sa hannu a kai. Na shuka ko na sauro wannan da sauƙi.

Malamin Fiziks: Malama 'yar Daura Allah ya saka da alheri, wannan ƙofa ce babba. Mu ma muna da makamancinta, nanoHUB ta jami'ar Purdue, a burauza ake gudanar da ƙananan lissafi, ta yi kyau ƙwarai wajen koyarwa.

Bakatsine a Waje: Gaisuwa ga malamaina. Ni ina digiri na uku a Afirka ta Kudu kuma da Lengau nake aiki, bari in ba ƙanena na Ƙofar Sauri amsar da ya tambaya kai tsaye. Ɗalibi ba ya zuwa shi kaɗai ya ce a ba shi. Kusan ko'ina a duniya tsarin ɗaya ne, babban malami mai jagorantar bincike shi ke neman kaso da sunan shirin bincikensa, in an ba shi sai ya shigar da ɗalibansa da abokan aikinsa a ƙarƙashinsa, kowa da akawun ɗinsa. A nan haka ne, a Amurka ma shirin rabon kaso na ACCESS da ya gaji XSEDE a 2022 kusan haka ne, dole mai neman ya kasance a wata cibiya ta can. Ke nan hanyarka ita ce malaminka ya samu abokin aiki a inda na'urar take, su yi aikin tare da gaske, kai kuma a shigar da kai. A nan ba a biyan ko kwabo in binciken jami'a ne, abin da suke so shi ne rahoto lokaci-lokaci da kuma ka ambaci cibiyar a godiyar takardar da ka wallafa, da wannan suke nuna wa gwamnatinsu cewa kuɗin bai tafi a banza ba.

Kuma don Allah kada wanda ya ce wa wani ba ni fasawod ɗinka in ɗan yi amfani. Suna ganin daga inda ake shiga, in suka gano za su rufe akawun ɗin, wani lokaci abin ya shafi duk rukunin, ka ja wa wanda ya taimake ka.

Ɗan Ƙofar Sauri: Na gode Yaya. To ta ya ake samun abokin aikin? Malamina bai san kowa a can ba gaskiya.

Bakatsine a Waje: Ta makarantun horo aka fi samu. A fanninka akwai ASESMA, makarantar lissafin tsarin lantarkin sinadarai ta Afirka, tun 2010 ake yin ta duk bayan shekara biyu ana zagaya ƙasashe, kuma da Quantum ESPRESSO ɗin nan naka ake koyarwa, malaman da ke zuwa da yawansu suna da kaso a manyan na'urori kuma ɗalibai masu himma suke nema. Sai cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da ke Tiriyaste a Italiya wadda Abdus Salam ya kafa a 1964 musamman don masanan ƙasashe irin namu, suna da difloma ta shekara ɗaya, suna da tsarin da malami zai riƙa zuwa yana komawa gida, ga kuma reshen haɗin gwiwarsu a Kigali. Ka riƙa leƙa shafinsu, neman ba a biya. In ma imel za ka rubuta wa wani farfesa kada ka rubuta mashi doguwar gaisuwa da tarihin wahalarka, ka ce na karanta takardarka kaza, na maimaita lissafinka a ƙaramin tsari na samu kaza, ga abin da nake so in gwada, ga adadin awannin da zai ci. Wanda ya ga haka ya san ba lokacinsa za ka ɓata ba.

Na Dutsin-Ma: Nan ne fa nake da magana. Wannan haɗin gwiwar da kuke yabo, sau nawa yaro zai yi wahalar tattara bayanai a gonakinmu da tashoshin awon ruwanmu, tunanin nashi ne, amma saboda na'urar ta wani ce sai takarda ta fito sunansa na tsakiya ko na ƙarshe-ƙarshe? Mai na'ura shi ke da ta cewa. Shi ya sa nake cewa rashin namu ba ƙaramar asara ba ce, har abin da za a bincika ma wani ne zai zaɓa mana.

Malamin Fiziks: Wannan gaskiya ce Malam, yana faruwa, kuma ban ga amfanin ɓoye shi ba. Abin da nake gaya wa nawa ɗaliban shi ne a yi maganar suna tun ranar farko, a rubuce a imel, wa ne marubuci na farko, wa ke da bayanan, me zai faru in aikin ya haifi takarda ta biyu. Mu muna jin nauyin irin wannan maganar muna ganin kamar rashin kunya ce ga wanda zai taimake ka, su kuwa a wurinsu abu ne da aka saba, mutumin kirki ba zai ji haushi ba, wanda ya ji haushi kuwa gara ka san halinsa da wuri. Ba da awannin na'ura kaɗai bai sa mutum ya zama mai aikin ba. Sannan a naka fannin, manhajar yanayi ta RegCM ai a ICTP ake raya ta kuma 'yan Afirka ta Yamma da yawa sun yi aiki da ita a kan daminarmu da sunansu a gaba, bayanan yanayi na ERA5 ma kyauta ne.

'Yar Daura: Malam wannan shawarar ta rubutawa mata sun fi kowa buƙatarta, don mu ne muka fi yin shiru mu ce Allah ya isa a zuci.

Auta: Tambaya don Allah, in mutum ya samu dama me zai hana ya nemi ƙwaƙwalwa 1,000 kawai aikin ya ƙare nan take?

Injiniyan Netwok: Abu biyu Auta. Na ɗaya da awa-ƙwaƙwalwa ake auna kasonka, in ka riƙe ƙwaƙwalwa 64 na awa 48 an cire maka 3,072 ko ka yi aiki da su ko sun zauna banza. Na biyu ba kowane aiki ke rabuwa ba. Gene Amdahl ya yi bayanin wannan tun 1967, in kashi 10 cikin 100 na aikinka dole a yi shi ɗaya bayan ɗaya, to ko ƙwaƙwalwa miliyan aka ba ka saurin ba zai wuce ninki 10 ba. Shi ya sa ake fara gwaji, ka gudanar da abu ɗaya a 8, a 16, a 32, a 64, ka rubuta lokacin da kowanne ya ci, inda ka ga ƙarin ya daina biyan kuɗinsa sai ka tsaya nan. Wannan ɗan teburin shi masu raba kaso ke fara dubawa a furofozal. Ga shi kuma duk wanda ya nemi da yawa ya fi daɗewa a layi.

Ɗan Ƙofar Sauri: To AWS ta kamfanin Amazon da irinsu fa? Na ga ana hayar kwamfuta a wurinsu.

Injiniyan Netwok: Ana yi, yana aiki sosai, amma da dala ne kuma awa-awa mita ke juyawa, in ka manta ba ka kashe ba bil ɗin zai zo maka ko ba ka taɓa komai ba. Ɗalibi da kuɗin aljihunsa ban ba shi shawara ba, sai in tallafin bincike ne ya ɗauki nauyin.

Malam na Dutsin-Ma, bari in kawo abin da nake ganin za mu iya haɗuwa a kai. Tsakanin laftof da Toubkal akwai fili mai faɗi. Kwamfutar aiki guda ɗaya mai ƙwaƙwalwa 32 ko 64 da RAM gigabait 256, in ba a cika mata GPU ba ba ta kai kilowat ɗaya, sola da inbata da batiran litiyam za su riƙe ta a ɗaki ɗaya mai AC da ƙofa mai rufuwa da kyau. A sa mata Linux da Slurm, manhajar da ke tsara layin ayyuka, ɗalibai su riƙa shiga da ssh suna miƙa aiki da sbatch suna duba layi da squeue, daidai yadda ake yi a manyan. Mafi yawan ayyukan digiri na biyu za ta ɗauke su. Kuma wanda ya goge a kanta ranar da ya samu babba ba zai tsaya kallon allo ba.

Malamin Fiziks: Wannan kam mai yiwuwa ce. TETFund na da tallafin bincike na cikin makaranta da kuma babban na ƙasa, matsalar ita ce in muna rubuta kasafi muna sa tafiye-tafiye da sinadarai da buga takardu mu manta da lissafi gaba ɗaya kamar shi kyauta yake faɗowa. In rukuni biyu ko uku suka sa shi a furofozal ɗinsu suka haɗa, an wuce wurin. Kuma in muka yi shekara biyu muna ajiye lissafin mutum nawa suka yi amfani da ita, awa nawa, takarda nawa ta fito, layi ya kai kwana nawa, da wannan za a je gaban gwamnati a nemi babba, ba da baki kawai ba.

Na Dutsin-Ma: Na yarda a matsayin mafari, amma ku sani ƙwaƙwalwa 64 ba za ta yi mani WRF mai ƙananan ma'auni na shekaru talatin ba, har yanzu ni sai na fita nema. Kuma ina tsoron a aje ƙaramar a ce ai an yi maku, a rufe maganar babbar. Sannan in a sashe ɗaya aka aje ta gobe shugaban sashen ya canza sabon ya sa makulli a aljihu ya ce ta 'yan sashensa ce. Dole a rubuta ƙa'idar rabon tun kafin a sayo, kuma 'yan Daura da Dutsin-Ma su iya shiga daga inda suke, ba sai sun biyo mota zuwa cikin gari ba.

'Yar Daura: Wannan na ƙarshen shi ne nawa. In sai an zo Katsina za a taɓa ta to mu masu yara an cire mu ke nan.

Injiniyan Netwok: Shiga daga nesa ba wuya, ssh ba ya cin data, rubutu ne kawai, ko da netwok ɗin waya mai rauni yana tafiya, manyan fayiloli ne ke son manhajar tura fayil ta rsync don in ya yanke ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ɗan Ƙofar Sauri, kafin duk wannan ya tabbata ga abin da za ka yi a daren nan. A fayil ɗinka na Quantum ESPRESSO ka sa max_seconds daidai abin da batirinka ke iya riƙewa, zai aje aikin da kansa ya tsaya lafiya, in wuta ta dawo ka mayar da restart_mode zuwa restart ya ɗora daga nan. Wannan ɗabi'ar ko a babbar na'ura sai ka yi ta, don can ma in lokacin da ka nema ya cika yanke aikin ake yi ba sani ba sabo. Sannan ka buɗe darussan Software Carpentry na Unix shell, kyauta ne, ka bi su har ƙarshe.

Bakatsine a Waje: In ka gama gwajin 5 da 40 ɗin da sabbin k-points ka turo mani lokutan ta akwatin sirri tare da malaminka a ciki, in nuna wa mai duba aikina mu ji ko yana da sha'awa. Ban yi alkawari ba, shi ke da kason ba ni ba.

Ɗan Ƙofar Sauri: Allah ya saka maku da alheri baki ɗaya. Zan fara sanar da Malam gobe kafin in turo komai.

Injiniyan Netwok: Masu son mu zauna a kan Linux da Slurm ranar Asabar bayan la'asar su rubuta sunansu a ƙasa, zan haɗa tsofaffin kwamfutoci uku mu yi ƙaramin kilasta na gwaji, wato rukunin kwamfutocin da ke aiki tare. Kowa ya taho da laftof da filashi mai gigabait 8. Malama 'yar Daura ku da ke nesa zan buɗe maku akawun ku shigo daga can, da ku za mu gwada ko shigar nesan na aiki.